Lasisin Zariya, Jirgin Larabawa: Doguwar Hanyar Ɗan Gabashin Sakkwato Mai Son Tuƙi a Waje

Duk shekara idan jigilar alhazai ta kankama, motoci kan taso daga Wurno da Rabah da Goronyo maƙare da 'yan rakiya, su nufi filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato. Dattawa na addu'a, mata na ba da sallahu: a isar da gaisuwa Madina, kar a manta da zamzam da dabino. Yara ba ruwansu da wannan. Idonsu na kan ƙaton jirgin da ke tsugune a fili, da mutumin nan mai farar riga da igiya huɗu a kafaɗa, wanda aka ce shi zai ɗaga shi sama. Da wuya a watse ba a samu yaro ɗaya da zai koma gida da wannan hoto a zuci ba. In ya tasa ya riƙe waya, ya ga hotunan matuƙan Emirates da Qatar Airways, ya ji ana raɗe-raɗin albashinsu da kuɗin waje, sai burin ya ƙara tsawo, ya tashi daga son tuƙi ya koma son tuƙi a ƙetare.

Akwai abin da 'yan rakiya ba su cika lura da shi ba. A jikin kowane jirgi, can baya wajen wutsiya, akwai wasu 'yan haruffa. In sun fara da 5N, jirgin rajistar Najeriya ne. 5U na Nijar ne, HZ na Saudiyya, A6 na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, A7 na Ƙatar, ET na Habasha, G na Ingila, N kuma na Amurka. Lambar mota ce, amma ta jirgi. Waɗannan haruffa su ke yanke hukuncin wanda ya halatta ya zauna a kujerar tuƙi. Komai ƙwarewar mutum, komai sunan makarantar da ya fito, in takardarsa ba ta dace da haruffan ba, fasinja ne.

Direban da ke lodin albasa daga fadamun Wurno ko Goronyo ya bi ta Illela ya tsallaka Ƙwanni zai fi kowa saurin gane wannan. Motarsa lambar Najeriya, lasisinsa na Najeriya, in takardun kan iyaka sun cika sai ya wuce ya sauke kaya ya dawo. Haka matuƙin Max Air ke tashi daga Sakkwato ya sauka a Jidda da lasisin Najeriya, ba mai ce masa kawo na Saudiyya, domin jirgin da ya zo da shi 5N ne. Ranar da kamfanin Saudia zai ɗauke shi aiki ya miƙa masa jirgi mai HZ kuwa, magana ta canza. Yarjejeniyar Chicago, wadda aka rattaba wa hannu ranar 7 ga Disamba, 1944, kuma ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tanadi abubuwan biyu gefe da gefe. Sashe na 33 ya ce ƙasashe su mutunta lasisin da ƙasar rajistar jirgi ta bayar ko ta amince da shi. Sashe na 32 ya ce matuƙi ya riƙe lasisin da ƙasar da ta yi wa jirgin rajista ta bayar, ko wanda ta sa wa hannu. Duk wahalar da ake kira sauya lasisi daga wannan sashe na 32 ta fito.

Mutanen Wurno ba baƙin irin wannan tsari ba ne. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, inda aka binne shi a 1837, ya san zancen ijaza. Ɗalibin da ya sauke littafi a wata zaure ya je wata, tambayar farko da za a yi masa ita ce a wajen wa ya karanta. In ya ambaci malamin da aka sani, a yi na'am, amma duk da haka a buɗe littafin a ce bismillah, a ji bakinsa. Hukumomin jiragen sama ba su ƙara komai a kan wannan ba sai takardu da kuɗi. Su tambayi wanda ya ba ka, su tabbatar daga bakinsa, sannan su gwada ka da kansu.

Tsani mai hawa uku da rami a tsakiya

Kafin a kai ga sauya lasisi sai an mallake shi. Ɗan Rabah ma yana da 'yar alaƙa da tarihin abin. A zamanin da ɗan garinsu, Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah a 1910, ke Firimiyan Jihar Arewa, aka kafa makarantar koyon sufurin jiragen sama a Zariya, a 1964, da taimakon ICAO da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ce ake kira NCAT a yau. Arewa ta riga sauran ƙasar ganin jirgi tun lokacin da jiragen sojan saman Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamban 1925, sai ga shi makarantar ma a Arewa aka dasa ta. Yawan 'ya'yan Arewa da suka ci moriyarta tun daga lokacin, wannan wata magana ce, kuma ba mai daɗi ba.

Lasisin hawa uku ne. Na farko, PPL, na mai tuƙi don kansa ne, ba ya karɓar ko kwabo a kai. Ƙa'idar ICAO awa 40 ce a sama da shekara 17 da haihuwa. Na biyu, CPL, shi ne na neman abinci: shekara 18, awa 200, ko 150 ga wanda ya bi shirin makaranta da hukuma ta amince da shi tun daga farko har ƙarshe. A kansa ake ɗora shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai, lokacin da gajimare ko ƙurar hunturu ta rufe ƙasa, da ta tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Na uku, ATPL, shi ne rawanin sana'ar, wanda sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja: shekara 21 da awa 1,500. A Najeriya hukumar NCAA ke bayar da duka ukun. Makaranta koyarwa take yi. Lasisi na hukuma ne.

A lura da tazarar da ke tsakanin 200 da 1,500. Nan ramin yake. Yaro ya gama makaranta da awa ɗari biyu da 'yan kai, ya ci jarrabawar rubutu ta babban lasisi, amma lasisin a daskare yake, haka ma 'yan sana'ar ke kiransa, ba zai narke ba sai awanni sun cika. Awanni ba sa cika sai da aiki. Aiki kuma ba ya samuwa sai da wata shaida ta daban, ta ƙwarewa a kan samfurin jirgi guda. Wanda ya koyi tuƙi da ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Diamond ɗin da ke Zariya ba shi da izinin taɓa Boeing 737, mai shaidar 737 kuma ba shi da izinin taɓa Airbus A320, sai ya koma aji, ya shiga na'urar kwaikwayon jirgi makonni, ya ci gwaji. Wannan shaida da dala ake sayenta, dubbai masu yawa, kuma galibi a waje. Dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin hukuma kafin watan Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin makaranta yana zaton ya gama, ashe rabin hanya ya kai.

Kano ta ɗanɗana wannan. A zangon mulkinsa na biyu a matsayin gwamnan jihar, tsakanin 2011 da 2015, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasa 100 ƙasar Jodan su koyi tuƙin jirgi da kuɗin jiha. Niyya ce mai kyau, yaran kuma 'ya'yan talakawa ne da yawansu, sun je sun yi karatu sun dawo da lasisin neman abinci. Sai dai lasisin na hukumar Jodan ne, kafin su tuƙa jirgi mai 5N sai NCAA ta juya shi. Bayan nan ga shaidar samfuri, ga ƙarancin awanni, ga kamfanonin cikin gida da ba su da yawa kuma ba su da sararin renon sabon shiga. Wasu sun samu shiga kamfanoni daga baya, amma shekaru sun shuɗe jaridu na kawo labarin da yawa daga cikinsu suna zaune ba kujerar tuƙi. Shi kuma tuƙin jirgi ba digiri ba ne da za a adana a akwati. Takardar lafiya tana ƙarewa, shaidar tuƙi da na'urori tana ƙarewa, hannu ma yana sanyi. Duk gwamnan da zai kwaikwayi Kano, gani ga wane ya ishe shi: ya kwaikwayi niyyar, ya gyara lissafin.

Aro da mallaka

A ce yaronmu na Goronyo ya tsallake ramin. Ya samu kujerar dama, ta mataimaki, a ɗaya daga cikin kamfanonin gida, Max Air ko Rano ko Air Peace, ya shekara huɗu ko biyar yana kai-komo tsakanin Kano da Abuja da Legas, littafin awanninsa ya yi kauri, lasisinsa ya narke. Yanzu ne zancen waje ya zama zance.

Hanya biyu ce. Ta farko aro: hukumar can ta dubi lasisinka na Najeriya ta ba ka takardar amincewa ta ɗan lokaci, watanni ko shekara guda, galibi ɗaure da kamfanin da ya nemo ka. Takardar jingine take da lasisin gida. In na gida ya ƙare, ita ma ta faɗi. Ta biyu mallaka: a ba ka nasu lasisin gaba ɗaya, mai tsayuwa da ƙafarsa, bayan ka cika sharuɗɗansu. Masu aikin kwantiragi na ɗan lokaci da ta farko suke yi. Wanda zai tare da iyalinsa sai ta biyu.

Ƙasashen Gulf su suka fi sauƙin ƙofa, kuma dalilin a fili yake. Matuƙan da jiragensu ke buƙata sun fi 'yan ƙasarsu masu iya tuƙi yawa nesa ba kusa ba. Emirates da aka kafa a 1985 da Qatar Airways da Etihad duk da baƙi suka girma, don haka hukumominsu, GCAA a Daular Larabawa da takwararta ta Ƙatar, sun saba da karɓar lasisin wasu ƙasashe. A can kamfani ne ke fara ɗaukarka, sannan ya riƙe hannunka zuwa hukuma: gwajin lafiya nasu, jarrabawar dokokin samansu, horo a kan samfurin da za su ba ka, sai gwajin ƙarshe a na'ura gaban mai jarrabawarsu. Sauya lasisin ba shi ne cikas ba. Cikas ɗin shi ne a kira ka tukuna. Manyan kamfanonin can sun saba neman awanni dubbai a kan manyan jirage masu matuƙa biyu, da shaidar cewa ba ka daɗe rabonka da tashi ba, sannan su tara masu nema daga Indiya da Turai da Kudancin Amurka a ɗaki guda su tace, da gwajin ƙwaƙwalwa da na hali da na na'ura. 'Yan Najeriya na tsallakewa. A 2019 jaridu sun yi ta labarin Adeola Ogunmola Sowemimo, wadda ta koyi tuƙi a Amurka, ta yi aiki da kamfanin Medview a gida, sannan ta koma Qatar Airways tana tuƙa Boeing 787. A dubi hanyar da ta bi: hukumar Amurka, hukumar Najeriya, hukumar Ƙatar. Hukuma uku, kowacce da nata hatimi.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa matasa ba. Girma a kamfanin jirgi da ranar shiga ake ƙirga shi. Kyaftin mai igiya huɗu a Legas zai iya komawa kujerar dama da igiya uku a Doha, ya jira shekaru kafin layi ya zo kansa. Kamfani kuma kan sa mutum ya sa hannu cewa in ya tafi kafin wa'adi zai biya kuɗin horon da aka kashe masa. Izinin zama ma da aikin yake ɗaure. A 2020, da annobar korona ta ajiye jirage a ƙasa, kamfanonin Gulf sun sallami matuƙa baƙi masu yawa, kowa ya tattara iyalinsa ya nemi hanyar gida.

Turai wani dutse ne daban. Hukumarsu ta haɗin gwiwa, EASA, ba ta duba furfura. Ko awanninka sun kai dubu goma, in kana son nasu babban lasisin sai ka zauna jarrabawar rubutu 13: dokokin sama, yanayi, lissafin hanya, nauyi da daidaito, injin jirgi da na'urorinsa, yadda jikin ɗan Adam da tunaninsa ke yi a sama, da sauransu. Kowacce sai ka ci kashi 75 cikin 100, duka kuma cikin wata 18 daga zaman farko, ba a yarda ka gwada takarda ɗaya fiye da sau huɗu ba. Rangwamen da ake yi wa gogagge shi ne a ɗauke masa zaman aji, ba jarrabawar ba. Sai gwajin lafiya a cibiyar da suka amince da ita, sai gwajin tuƙi. Ka gama duk wannan, kamfani ya tambaye ka takardar izinin aiki a Turai, wadda lasisi ba ya bayarwa. Mutane sun kashe dukiya a nan suka tashi da takarda mai kyau da ba ta ciyar da su. Ingila kuma, tun da ta fice daga Tarayyar Turai, daga farkon 2021 ta koma cin gashin kanta. Lasisinta daban, na EASA daban, har Baturen da ke riƙe da ɗaya sai ya nemi ɗayan. In Bature da Bature suna yi wa juna haka, Basakkwace ba shi da dalilin ɗaukar abin a matsayin raini.

Amurka ba ta da tulin jarrabawa irin na Turai. Hukumarsu, FAA, kan ba mai lasisin waje ƙaramin lasisi na tuƙi don kai bayan ta tabbatar da asalinsa, amma na aiki sai an yi nasu. Tun bayan hatsarin jirgin Colgan kusa da Buffalo a watan Fabrairun 2009, wanda ya ci rayuka 50, suka tsaurara doka: daga 2013 ko mataimaki a kamfanin fasinja sai yana da babban lasisi, wanda a wajensu cikakkensa awa 1,500 ne da shekara 23, da wani kwas na musamman kafin jarrabawa. Baƙo kuma sai jami'an tsaro sun tantance shi kafin ya shiga horo. Ƙarshenta dai tambaya ɗaya ce da ta Turai: ina izinin aikinka?

Abin mamaki, maƙwabta ma ba a tsallake musu haka nan. Jirgin Nijar ko na Ghana ko na Ruwanda, kowanne sai hukumar ƙasarsa ta sa hannu. Kamfanin ASKY a Lome yake da mazauni, amma da yawa daga jiragensa rajistar Habasha ce da su, saboda haɗin gwiwarsa da Ethiopian Airlines, don haka sa hannun da ake nema daga Addis Ababa zai fito, ba daga Togo ba. An ƙaddamar da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya ta Afirka a watan Janairun 2018, akwai kuma ƙungiyar BAGASOO mai hedikwata a Abuja da ke ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin wasu ƙasashen yammacin Afirka, amma lasisi guda da zai yi aiki daga Dakar zuwa Nairobi har yanzu a bakin masu taro yake.

Wasiƙar da ke tsayar da komai

Kowace hukuma, kafin ta dubi fuskarka, sai ta samu tabbaci daga NCAA cewa lasisin na gaske ne, yana aiki, ba a taɓa dakatar da shi ba. Wannan wasiƙa daga hukuma zuwa hukuma take tafiya. In ta yi jinkiri, gurbin aiki ba ya jira. Sannan a buɗe littafin awanni, a bi shi layi-layi: rana, lambar jirgi, inda aka tashi, inda aka sauka, awa nawa da dare, awa nawa kana jagora, da hatimin kamfani. Masu wannan aiki sun san dabarar ƙara awa da biro, kuma wanda aka kama ya gama yawo, domin duniyar matuƙa ƙarama ce, labari na riga mutum isa.

Me ya kawo wannan tsanani? A tuna Pakistan. Ranar 22 ga Mayu, 2020, jirgin kamfanin PIA ya faɗi a unguwar jama'a a Karachi. Wata guda bayan haka ministan sufurin jiragen saman ƙasar, Ghulam Sarwar Khan, ya tsaya a majalisa ya ce matuƙa 262 daga cikin 860 akwai shakku a lasisinsu. Nan take Turai ta rufe wa PIA ƙofa, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2024. 'Yan Pakistan da ke aiki a ƙasashen waje, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, aka dakatar da wasunsu har sai an tantance. An wanke da yawa daga baya, amma wake ɗaya ya riga ya ɓata gari. Darajar lasisin da ke aljihun matuƙi daidai take da darajar hukumar da ta buga shi. Shi ya sa duk wanda ke nema wa ƙaninsa gajeriyar hanya a ofis, ba ƙanin kaɗai yake jefawa cikin haɗari ba, har da kowane ɗan Najeriya da ke riƙe da irin takardar a Doha ko Dubai.

Fasfo ma yana da nasa hukunci. Daga ƙarshen 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza, Emirates kuma ta dakatar da zuwa Najeriya saboda kuɗaɗenta da suka maƙale. Bizar ba ta dawo ba sai tsakiyar 2024, jiragen kuma sai 1 ga Oktoba na shekarar. Rigimar gwamnatoci ce, amma a kan mai neman aiki take saukowa.

Baki da jini

Abu biyu ya kamata iyaye su sani tun yaro na sakandare. Na ɗaya Turanci. Tun watan Maris na 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare iyaka su kai mataki na 4 cikin matakai 6, kuma a rubuce yake a jikin lasisi. Ana auna abu shida, daga lafazi zuwa fahimta zuwa iya mayar da magana nan take, kuma mafi ƙarancin makinka shi ne makinka. Mai mataki na 4 sai ya riƙa sake gwaji bayan 'yan shekaru; mai na 6 ya huta. Ba a neman kowa ya yi magana ta hanci. Bahaushen da harshensa ke cakuɗa “p” da “f” ba a kore shi ba, muddin mai kula da hasumiya a Istanbul ko Mumbai zai gane shi a karon farko, cikin ƙarar rediyo, ranar da inji ya kama wuta. Wannan ba ya samuwa da haddar nahawu. Sai da sauraro da yawan magana.

Na biyu lafiya. Takardar lafiya mai daraja ta ɗaya ake nema, ana sabunta ta duk shekara, bayan shekara 60 kuma duk wata shida, a 65 a sauka daga jiragen fasinja na ƙasa da ƙasa. Tabarau ba ya hana tuƙi in yana gyara gani. Rashin bambance launuka na iya hanawa. Cutar sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, tana hanawa. Wanda yake AS kawai galibi ana barinsa. Kuɗin wannan gwaji bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin makaranta, amma sai ka ga an bar shi sai ƙarshe. Shi ya kamata a fara yi, wajen likitan da NCAA ta amince da shi, kafin a sayar da ko tunkiya.

Wani zai ce, to in mun sha wannan wahala mun horar da yaro, don me za mu miƙa wa Larabawa? Tambaya ce mai ma'ana, amma ni ban ga asara a ciki ba. Tun da Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe a 2003, babu wani babban kamfani na ƙasa da ke ɗibar sababbin matuƙa yana renonsu, 'yan kasuwa kuma sun fi son wanda ya riga ya nuna. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi, NAAPE, ta daɗe tana kukan cewa baƙi na tuƙa jiragen 5N da takardar amincewar NCAA alhali 'yan gida na zaune. Ƙofar da baƙo ya shigo mana ta ita, ita ce namu ke fita ta ita. Gogaggen da ya tafi Doha ya bar kujera, mataimaki ya matsa hagu, sabon shiga ya samu ta dama. In ma akwai asara, tana wajen yaron da aka kashe wa miliyoyi ya dawo yana zaman majalisa da lasisi a aljihu.

Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce, a Wurno da Rabah da Goronyo tsanin ba daga Zariya yake farawa ba. Makarantar Zariya na neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks. A yankin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, suka faɗa wa kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021 suka kashe mutane da dama, inda manomi ke tsoron gonarsa malami ke tsoron hanyar makarantarsa, samun malamin fiziks da zai zauna shekara uku cur yana koyarwa shi ne lasisin farko. Yankin ba matalauci ba ne. Madatsar ruwan Goronyo da ke kan gulbin Rima na shayar da fadamun da ke fitar da shinkafa da albasa da tafarnuwa, akwai attajirai, akwai 'yan siyasa masu ɗaukar nauyin karatu. Yaro ɗaya ko biyu ba su fi ƙarfinsu ba.

Ga gwamnatin Jihar Sakkwato, da shugabannin waɗannan ƙananan hukumomi uku, da duk Alhajin da Allah ya huwace wa kuma yake da niyyar taimako: ranku ya daɗe, gara a ɗauki yaro biyar a kai su har kujerar dama da a ɗauki hamsin a ajiye su a bakin rami. A sa kuɗin shaidar samfuri a cikin lissafi tun ranar farko, da dala. A zauna da kamfanonin Kano da Katsina a samu alkawarin gurbi a rubuce kafin yaran su tafi. In makarantar waje za a kai su, a tambayi NCAA tukuna ko ta san makarantar, da abin da za ta nema ranar da suka dawo. Kai kuma ɗan samari, duk wanda ya zo maka da zancen makarantar da lasisinta ke aiki ko'ina a duniya, ka tambaye shi wace hukuma ce za ta buga hatimin, kuma waɗanne haruffa ne a wutsiyar jirgin da za ka tuƙa.